Ma'aikatan lafiya da shugabanninsu: nauyin da doka da ladubban aiki suka ɗora musu, daga Filinge zuwa Yamai

A ƙasar Kurfai, kamar sauran sassan Nijar, da kalma guda ake kiran gidan magani da mutumin da ke aiki a cikinsa: likita. Idan wani ya dawo gida ya ce “likita ba su kula da ni ba”, mai saurare ba ya sanin ko manjo ake nufi, ko ungozoma, ko mai karɓar kuɗi, ko kuwa gwamnatin da ta gina wurin. Doka ta rarrabe waɗannan mutane, kowa da nasa nauyi da kuma inda ake tuhumarsa idan ya gaza. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mazaunin Filinge, Shikal, Bonkuku ko Damana ya sani kafin ya shiga likita, da abin da zai iya yi idan ya ga an tauye masa haƙƙi.

Yadda aka tsara aikin

Aikin lafiya a Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda aka giggina da yawa tun daga 2001 cikin shirin musamman na shugaba Mamadou Tandja. Sama da shi akwai cibiyar lafiya ta CSI, wadda galibi wani ma'aikacin jinya da ake kira manjo ke shugabanta. Daga nan sai asibitin gunduma, kamar na garin Filinge, inda ake da likitoci. Abin da ya fi ƙarfin gunduma sai a tura shi asibitin jiha ko manyan asibitocin Yamai, irin su Babban Asibitin Ƙasa da gidan haihuwa na Issaka Gazoby. Tsakanin Filinge da Yamai akwai tafiyar kilomita kusan 180 ta hanyar Balayara, kuma wannan tazara tana cikin kowane lissafi da ma'aikaci zai yi game da mara lafiya mai tsanani.

A gefen shugabanci, babban likitan gunduma da tawagarsa su ke sa ido kan dukan cibiyoyin yankinsu. Su kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta jihar Tillaberi, ita kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasa. Jama'a ma suna da wakilci: kowace CSI tana da kwamitin lafiya da kwamitin gudanarwa, COGES, wanda mutanen gari ke zaɓa domin lura da kuɗin shiga da sayen magani. Tushen wannan tsari shi ne shirin Bamako na 1987, wanda Nijar ta mayar doka a 1995 da ta tanadi cewa majinyaci zai riƙa biyan wani kaso na kuɗin magani.

Inda ƙa'idojin suka samo asali

Ƙa'idojin da ke ɗaure ma'aikacin lafiya iri biyu ne. Akwai ladubban aiki, waɗanda ƴan sana'ar suka shimfiɗa wa kansu, akwai kuma dokar ƙasa da alƙali ke aiki da ita.

Ladubban sun daɗe. Ɗalibin likitanci da ya kammala karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana yin rantsuwar da ake dangantawa da Hippocrate, likitan Girka na zamanin da. A duniyar Musulunci, Ishaƙ bin Ali al-Ruhawi ya rubuta littafi sukutum kan ladubban likita tun ƙarni na tara, kuma a shekarar 931, bayan wani majinyaci ya mutu ta dalilin kuskure a Bagadaza, halifa al-Muƙtadir ya ba da umurni a yi wa masu aikin magani jarrabawa kafin a bar su su ci gaba. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da sani ba, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. A zamanin nan, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da sanarwar Janeba a 1948, ta sake yi mata gyara a 2017.

A Nijar, tun 1988 ake da kundin ladubban aikin likita da hukumar ƴan sana'a da ke tsaron sa, wadda ake kira Ordre da Faransanci. A gefen doka kuwa, akwai kundin hukunta laifuka na 1961 da aka yi wa babban gyara a 2003, da dokar harhaɗa magunguna ta 1997, da dokar lafiyar haihuwa ta 2006, da dokar da ta shafi cutar Sida ta 2007 wadda aka sabunta a 2015, sannan dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007. Ba lallai ne mutum ya haddace su ba. Abin da suka ƙunsa game da hulɗar ma'aikaci da majinyaci yana komawa ga ƴan abubuwa kaɗan.

Agaza wa wanda ke cikin haɗari

Na farko kuma mafi nauyi shi ne agaji. Dokar hukunta laifuka ta ɗauki ƙin taimakon mutumin da ke cikin haɗari a matsayin laifi ga kowa, muddin taimakon ba zai jefa mai yin sa cikin haɗari ba. Ga ma'aikacin lafiya abin ya fi tsanani, don shi ne aka horar domin haka. Idan aka kawo macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ko yaron da ke sanƙarewa, ko wanda ya yi haɗarin mota, ba daidai ba ne a ce sai an biya kuɗi ko sai gari ya waye kafin a taɓa shi. Magana kan kuɗi tana zuwa ne bayan an ceci rai.

Cikin agaji har da sanin iyaka. Manjon da ya ga naƙuda ta yi tsawo, ko ya ga alamun ɗa ya gicce, nauyinsa ne ya tura matar zuwa asibitin gunduma da wuri, da takardar da ta bayyana abin da ya gani da abin da ya yi. Riƙe majinyacin da ya fi ƙarfin cibiya, don gudun a ce ma'aikaci ya kasa, yana iya zama sakaci a idon doka. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 535 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100.000 a Nijar, kuma jinkiri, a gida ko a hanya ko a cikin likita, yana cikin manyan dalilai.

Haka nan ba a yarda da nuna bambanci ba. Yankin Filinge ya haɗa Kurfayawa, Zabarmawa, Buzaye da Fulani, ga kuma waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Makiyayin da ba ya jin Hausa sosai haƙƙinsa ɗaya ne da na ɗan kasuwar da ya san manjo tun yarinta.

Bayani da yarda

Jikin mutum nasa ne. Kafin a yi masa fiɗa, ko a ɗebi jininsa don wani gwaji, ko a sa wa mace maganin tazarar haihuwa, dole a yi bayani cikin harshen da mutum yake ji: mene ne ciwon, me za a yi, wane haɗari ke ciki, me zai faru idan ba a yi ba. Takardar da aka rubuta da Faransanci aka ce wa wanda bai yi lakol ba ya dangwala yatsa, ba tare da an fassara masa ba, ba ta cika sharaɗin yarda ba.

Baligi mai hankali yana da damar ya ƙi magani, sai dai a kan ma'aikaci ne ya nuna masa illar ƙin, ya kuma rubuta hakan. Game da yaro ƙarami ko wanda ya fita hayyacinsa, iyaye ko dangi ake tuntuɓa. To amma idan rai yana cikin haɗari kuma ba a samu kowa ba, ladubban aiki sun umurci likita ya yi abin da ya wajaba nan take.

Wurin da wannan batu ya fi kawo taƙaddama shi ne ɗakin haihuwa. A al'ada, ana jiran izinin miji ko na surukai kafin a tafi da mace fiɗa, kuma a ƙasar Kurfai maza da yawa suna tafiya cin rani Yamai, Najeriya, Gana ko Kwaddibuwa da zarar an gama girbi. Shawara da iyali abu ne mai kyau, kuma ma'aikaci mai hikima yana neman ta. Sai dai a ƙa'idar aiki, yardar da ake buƙata ta matar ce da za a yi wa aikin, kuma ba a barin rai ya salwanta ana jiran wayar da ba ta shiga.

Sirrin majinyaci

Duk abin da ma'aikaci ya gani, ya ji ko ya fahimta a bakin aikinsa amana ce. Kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗauri da tara ga likita, mai harhaɗa magani, ungozoma da makamantansu idan suka tona sirrin da aka ba su. Dokar Sida ta ƙara jaddada wannan ga masu ɗauke da cutar. Sirri ya shafi mai shara, direban motar ɗaukar marasa lafiya da ɗalibin da ya zo koyon aiki, ko da yake ba su ne suka duba mutum ba.

A gari irin Filinge, inda kowa ya san kowa, riƙe sirri ya fi wuya, kuma tonuwarsa ta fi ɓarna. Magana guda da aka saki a wurin biki kan cikin wata budurwa, ko kan ciwon wani magidanci, tana iya kashe aure, ta kuma hana wasu goma zuwa awo. Wayar hannu ta ƙaro sabuwar matsala: ɗaukar hoton majinyaci ko na gawa a watsa ta WhatsApp ko Facebook tona sirri ne, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da dokar laifukan intanet tun 2019.

Akwai wuraren da doka da kanta ta buɗe ƙofa. Ma'aikaci wajibi ne ya sanar da hukumomin lafiya idan ya ga cututtukan da ke yaɗuwa kamar sanƙarau, kwalara, ƙyanda ko shan inna. Haka kuma idan alƙali ya buƙaci bayani ta hanyar da doka ta tsara. Ban da irin waɗannan, ko sarki, ko uban gida a wurin aiki, ko ɗan sanda da ya zo da baki kawai, ba su da damar a karanta musu karnen wani.

Batun kuɗi

A 2005 gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 ta ƙara da awon ciki, maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tsarin tazarar haihuwa. A watan Agustan 2024 aka sanar da rage rabin kuɗin ayyuka a asibitocin gwamnati daga ranar 1 ga Satumba, aka kuma ce haihuwa ta zama kyauta. Duk abin da aka biya, haƙƙin mai biya ne a ba shi rasit, kuma ya kamata farashi ya kasance a liƙe inda kowa zai gani.

Karɓar kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, ko sayar da maganin gwamnati a aljihu, ko karkatar da majinyaci zuwa wani ɗakin magani na kuɗi da ma'aikacin ke da hannu a ciki, duk laifuka ne da ke iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa ko kotu. Goron da dangi suka bayar da son ransu bayan an sauka lafiya daban yake da wanda aka sa sharaɗi kafin a yi aiki, ko da yake a aikace iyakar tana da sirantaka, shi ya sa masu tsantseni cikin ma'aikata ke gudun duka biyun.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Tsarin kyauta ya dogara ne kan cewa cibiya za ta yi aiki, gwamnati ta biya ta daga baya. Shekara da shekaru biyan ya yi ta jinkiri har bashin ya kai biliyoyin sefa, akwatunan magani suka bushe, ma'aikata suka koma rubuta takardar sayen magani a waje. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu mai yawa kan wannan. Uwar da aka ce ta je farmasi ta sayo maganin yaronta tana ganin manjo ne ya cuce ta, alhali sau da yawa tushen matsalar yana sama da shi.

Cibiyar nan ta LASDEL ta kuma yi suna wajen nazarin abin da ke faruwa da gaske a ɗakunan duba marasa lafiya. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a 2003 kan manyan birane biyar, Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, ya nuna yadda wanda ke da sani a likita ke samun kulawa, baƙo kuwa ya sha tsawa da jira. Abin da suka lura shi ne, ban da dokar da ke rubuce, akwai wata al'adar aiki da sabon ma'aikaci ke tararwa ya bi. Gyaran irin wannan al'ada aikin shugabanni ne.

Nauyin shugabanni

Babban likitan gunduma, daraktan asibiti, daraktan jiha da minista ba su ne ke yin allura ba, amma su ke da alhakin yanayin da ake yin ta. A kansu yake su tabbatar da cewa akwai ma'aikaci a bakin aiki dare da rana, akwai magani da jini, firij ɗin allurar rigakafi yana aiki, motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai da taya. A gundumomin lafiya da dama ana ƙara dala ashirin, wato sefa 100, kan kuɗin duba mara lafiya domin asusun jigilar masu tsananin ciwo. Irin wannan asusu amanar jama'a ce, kuma COGES na da damar ya nemi a nuna masa lissafinsa.

A kansu yake kuma su binciki duk mutuwar mace wajen haihuwa. Manufar wannan zama ita ce a gano inda aka yi jinkiri domin a toshe, don haka ba a mayar da shi zaman neman wanda za a ɗora wa laifi, in ba haka ba ma'aikata za su riƙa ɓoye gaskiya. Amma idan bincike ya nuna sakaci a fili, shugaban da ya rufe maganar don mai laifin ɗan wani ne, shi ma ya ɗauki kaso cikin alhakin.

Tarihin Nijar yana da misalai biyu da ke nuna girman wannan nauyi. A 1995, lokacin wata babbar annobar sanƙarau, ƙasar ta karɓi kyautar allurar rigakafi daga Najeriya mai ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura cewa maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, gwaji kuma ya tabbatar da cewa jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki. Kafin a ankara an riga an yi wa mutane kimanin 60.000, kuma alƙaluman da hukumar lafiya ta duniya OMS ta sha ambatawa sun danganta mutuwar mutane kusan 2.500 da wannan lamari. An sake yin gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau a Nijar a 2015 da 2019. Darasin shi ne, tantance inda magani ya fito aikin hukuma ne, ma'aikacin da ya ga abin da bai gamsu da shi ba kuma wajibinsa ne ya dakata ya sanar.

Misali na biyu na kuɗi ne. A farkon 2013 aka tsare likitoci kimanin 20 bisa zargin karkatar da kuɗin da ƙawancen rigakafi na Gavi ya bai wa Nijar, bayan binciken da ƙungiyar ta yi kan yadda aka kashe su. Shugaban lafiya mai riƙe da dukiyar jama'a yana amsa tambaya kamar kowane jami'in gwamnati, kuma tun watan Satumban 2023 hukumar COLDEFF ce aka ɗora wa farautar irin waɗannan laifuka.

Gwajin magani a kan mutane

Lokaci-lokaci ƙungiyoyi da masu bincike kan zo ƙauyuka su ɗebi jini ko su gwada sabon magani. Ƙa'idar duniya, tun daga kundin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, ita ce ba a sa mutum cikin gwaji sai ya fahimta ya kuma yarda, kuma yana iya janyewa ba tare da an hana shi magani ba. A Nijar, kwamitin ƙasa mai kula da ladubban binciken lafiya ne ke ba da izini.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, kan yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya dage cewa an nemi yardarsu da baki kuma ciwon ne ya kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Ɓarnar ta wuce waɗannan iyalai: lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Mai gari ko limamin da aka nemi ya tara jama'a don wani bincike yana da damar ya nemi ganin takardar izini.

Aiki cikin rashin tsaro

Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar Tillaberi, ciki har da Abala mai maƙwabtaka da Filinge, daga baya ta haɗa da Filinge a 2020. A farkon shekarar ne kuma aka hana zirga-zirgar babura, waɗanda da su ne ake kai marasa lafiya da yawa likita. Wasu cibiyoyi a jihar sun rufe saboda barazana, nauyinsu ya koma kan na garuruwa.

Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 da ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2286 na 2016 sun hana kai hari kan asibiti, ma'aikacin lafiya ko motar marasa lafiya. Sun kuma tanadi cewa ana yi wa wanda ya ji rauni magani bisa tsananin rauninsa, ba tare da duba ɓangaren da yake ba. Hukunta mai laifi aikin shari'a ne. Shugabanni kuwa, nauyinsu ne su kare ma'aikacin da suka tura daji, kada a bar shi shi kaɗai tsakanin barazanar ƴan bindiga da zargin hukuma.

Masu maganin gargajiya da ƴan talla

Ƙasar Kurfai ta shahara da bori tun da daɗewa, kuma a yankin nan ne, wajen Shikal, al'adar Hauka ta ɓulla a 1925. Har yau mutane da dama kan fara da boka, malami ko wanzami kafin su iso likita. Dokar 1997 ta amince da maganin gargajiya, amma ba ta ba kowa damar yin allura, ƙarin ruwa ko sayar da maganin bature a faranti cikin rana ba. Wanzamin da ya cire beli ko ya yi yankan gishiri har aka rasa rai yana iya fuskantar tuhumar kisa ba da niyya ba. Kaciyar mata kuwa laifi ce tun gyaran dokar 2003, kuma hukuncin ya fi tsanani idan ma'aikacin lafiya ne ya yi ta.

Ba kowace mutuwa ce laifi ba

Dokar Nijar ta gaji wata ƙa'ida daga shari'ar Faransa, wadda kotun ƙoli ta can ta kafa a 1936: likita bai yi alkawarin warkarwa ba, alkawarinsa shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa da kulawa, daidai da ilimin zamaninsa da kayan da ke hannunsa. Saboda haka mai ƙara sai ya nuna abu uku: an yi kuskure ko sakaci, an samu cutarwa, kuma kuskuren ne ya jawo ta. Majinyacin da aka kawo a makare ya cika duk da an yi masa abin da ya dace, babu laifin kowa. Wanda aka ƙara wa jinin da ba a gwada ba, ko aka bari a kwance ma'aikacin da ke gadi ya tafi harkarsa, maganarsa daban ce.

Imani da ƙaddara bai hana tambaya ba. Iyali da yawa kan ce kwana ne ya ƙare su yi shiru, wasu don tawakkali, wasu don tsoron gobe za su koma hannun mutumin nan. Yafiya haƙƙinsu ce, sai dai kuskuren da ba a faɗa ba yana nan yana jiran wani.

Inda ake kai kuka

Matakin farko shi ne shugaban wurin: manjo a CSI, ko babban likitan gunduma idan ƙorafin kan manjon ne. Ana iya bi ta wakilan COGES. Zai fi kyau a rubuta ƙorafin, da rana da sa'a da sunayen shaidu, a kuma adana karne, takardun magani da rasit. Hukuma na iya yi wa ma'aikacinta gargaɗi, ta dakatar da shi ko ta kore shi.

Mataki na biyu shi ne hukumar ƴan sana'a, wadda ke iya jan kunnen likita, ta hana shi aiki na wani lokaci ko ta soke sunansa daga rajista. Na uku shi ne shari'a. Idan ana zargin laifi, kamar kisa ko rauni ba da niyya ba, ƙin agaji, tona sirri ko cin hanci, ana shigar da ƙara a jandarma, komisariya ko kotun Filinge. Idan diyya ake nema kan abin da ya faru a asibitin gwamnati, galibi hukuma ake ƙara, domin ita ke ɗaukar kuskuren da aka yi cikin aiki, sai fa idan ma'aikacin ya aikata abin da ya fita daga hurumin aikinsa, kamar ganganci. A asibitin kuɗi kuwa, mai wurin da likitansa ake nema. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, da aka kafa bisa dokar 2011 domin marasa ƙarfi.

Haƙƙin ma'aikacin kansa

Ma'aikacin lafiya shi ma yana da haƙƙi: albashi a kan lokaci, kayan kariya, hutu, da kariya daga zagi ko duka. Dukan ungozoma saboda an rasa jariri laifi ne da kotu ke hukuntawa. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su SUSAS da SYNPHAMED suna da damar yajin aiki, da sharaɗin a bar masu karɓar larurar gaggawa. A cibiyoyin karkara da yawa, mutum guda ko biyu ne ke duba marasa lafiya, su karɓi haihuwa, su yi rigakafi, su cika takardu, wasunsu ma ƴan kwantaragi ne ko ƴan sa-kai. A lokacin damina, da zazzaɓin cizon sauro ya taso, layi kan kai har bakin ƙofa.

Majinyaci da danginsa su ma da nasu: su zo da wuri, su faɗi gaskiyar maganin da aka riga aka sha a gida, su bi layi, su riƙe karne. Zaman kwamitin lafiya na unguwa ko na ƙauye a buɗe yake ga jama'a, kuma nan ne wurin da ya fi sauƙi a tambayi dalilin da ya sa magani ya ƙare ko motar marasa lafiya ta tsaya.